Abin da Idalina ta Ɗauko a Coimbra

Esch, Luxembourg
10 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga Yayata Idalina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da tumakinki da duk mutanen Vale de Urze. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ki jefa shi cikin kabad kina jiran ranar biki ba, don na san halinki. Ni dai lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyin ƙasar nan yake bar wa mutum kowace shekara.

Bayan haka, Yaya, ba zan samu zuwa a watan Mayu ba. Tsohuwar da nake kula da ita, Madam Thill, ta zame a banɗaki ta karya ƙashin ƙugu. Yanzu ni ce ɗaga ta, ni ce kwantar da ita. Da na yi wa 'yarta maganar hutu, sai ta ce in na tafi a wannan hali to kada in dawo. Na shiga ɗakin wanki na yi kukana na ƙoshi. Tun ranar da ɗana Telmo ya shiga jami'a nake jiran in gan shi a titin Coimbra da doguwar hula da kwagiri irin na masu gamawa, ga shi ranar ta zo ni kuma ina nan ina wanke wa uwar wasu jiki.

Na ji an ce Fada Anselmo na cocinmu zai ɗauki bas ya kai mutanen ƙauye kallon jerin gwanon ɗalibai, a je a dawo a yini ɗaya. Don Allah ki bi su, ki tsaya a madadina. Na ba Fausto ɗan Hermínia ta ƙauyenmu kyamara ya kawo miki, lokacin da zai tafi gida bikin Ista. Ba wuya, ki leƙa ta ramin ki danna. Ki ɗauko mini shi daga kai har ƙafa, kada ki yanke masa kai kamar yadda kika yi a hoton baftismar jikan Hermínia.

Sai wata magana. Tun Kirsimeti ban ga takardar Telmo ba. Na buga waya gidansu na ɗalibai, wani ya ɗauka ya ce ya fita, na sake bugawa aka ce yana barci. Kuma kin san masu gamawa suna aika wa danginsu zirin ƙyalle mai launin sashensu, kowa ya rubuta musu addu'a a kai. Wata 'yar garin Viseu da muke coci ɗaya tun watan jiya 'yarta ta aiko mata nata, tana ta nuna wa mutane. Nawa jan ƙyallen bai iso ba. Wataƙila laifin gidan waya ne. Ke ya aiko miki?

Ki duba mini shi da kyau. In ya rame ki gaya mini.

Ƙanwarki,
Zulmira

*

Vale de Urze
15 ga Mayu, 1988

Zulmira ƙanwata,

Na gaishe ki, ya aiki, ya mai jiki? Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki haƙuri. Mu nan lafiya. Tumaki sun hau dutse, na rufe yin cuku sai baɗi. Gwiwa kuwa ba ta yafe mini Coimbra ba har yau.

Na je. Ranar Talata da asuba muka tashi, bas cike, kowa da kwandonsa. Ni gasasshiyar kaza na yi da burodin masara da cuku biyu na Telmo. Ba mu gama sauka daga dutse ba Hermínia ta fara amai, ta ce wai warin cukuna ne. Na ce mata, “Cukun da kike ci bashi duk shekara yau ne ya yi miki wari?” Har Fada sai da ya juya baya yana dariya.

Garin yana nan yadda kika san shi, a kan tudunsa, kogi a ƙasa. Direba ya ajiye mu bakin gada, Fada ya ce sai mun hau sama mun ga tsohuwar jami'a kafin a fara biki. Ta matakalan nan da suke kira Karya-Baya ya bi da mu. Wanda ya raɗa musu suna bai yi ƙarya ba. Ɗalibai ko'ina cikin baƙaƙen alkyabbu kamar jemagu sun sauko da rana, wasu tun hantsi sun riga sun bugu. Wani yaro ya shimfiɗa mini alkyabbarsa a ƙasa wai in taka, girmamawa ce. Na ce, “Ɗana, ɗauke kayanka, uwarka ba ta saya maka don takalmina ba.” Ya ce, “Iya, ai ba a wanke ta, duk abin da ya taɓa ta tarihi ne.” Na ce lalle na ji warin tarihin tun daga nesa.

Da rana aka fara jerin gwanon. Manyan motoci an lulluɓe su da furannin takarda, ja na masu karatun shari'a, ruwan ɗorawa na likitoci, yara a sama suna ihu suna miƙo wa mutane gwangwanin giya. Na tsaya inda Telmo ya ce in tsaya, ina rungume da kwando, har na fara cewa ba zai zo ba. Sai ga shi ya fito daga cikin taro, jar hula doguwa a kai, jan kwagiri a hannu.

Kin ce in gaya miki gaskiya: ya rame. Idanunsa sun faɗa. Amma yana tsaye da ƙafafunsa, ba ciwo yake yi ba, kuma ban ji warin giya a bakinsa ba, shi kaɗai a duk titin. Ya miƙo mini kwagirin na ƙwanƙwasa masa hula sau uku yadda ake yi, na sumbace shi, ya juya na ɗan shure shi don sa'a. Abokansa suka yi ta tafi.

Daga nan ya kama gefen alkyabbarsa na hagu, wurin da dangi suke yagawa don tunawa, ya ce, “Inna, yaga mini.” Na duba, gefen abokai duk ya zama tsumma, na dangi kuwa ko ɗaya babu. Da haƙori ake yi. Kin san haƙoran nawa na sama ba nawa ba ne. Na ciza na ja, alkyabba ta yage, haƙora suka biyo ta. Wani mai gemu ne ya cafe su kafin su kai ƙasa. Nan kaɗai na ga Telmo ya yi dariya ranar, ita ma ba ta daɗe ba.

Bai bari mun gama kallo ba. Ya ja ni zuwa gidansu, irin tsofaffin gidajen nan da ɗalibai suke kira Jamhuriya, tukwane da karyayyun kujeru rataye a bango ta waje. A can ya zaunar da ni, ya durƙusa ya kama hannuna ya ce, “Inna, ki sake zame mini uwa. Ba ni da inda zan kai kukana sai wurinki.” Na ce to. Me zan ce?

Sauran maganar ba ta takarda ba ce, kuma ba tawa ba ce. Ki dai sa shi a addu'a. Ƙyallen da kika tambaya, bana bai aika wa kowa ba sai ni, nawa ma a hannu ya ba ni.

Hotuna huɗu kawai na ɗauka, suna wurin wanki a garin Seia. Mun iso gida lafiya, na dawo da kaya fiye da wanda na tafi da shi.

Yayarki,
Idalina

*

Esch
24 ga Mayu, 1988

Yaya,

Na samu takardarki, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni ina nan.

Na karanta ta a tsaye a kicin, na sake karantawa a zaune. Kin ba ni labarin aman Hermínia da haƙoranki har shafi biyu, sannan kika soka mini wuƙa a layi ɗaya kika wuce kamar ba komai.

Ki sake zame masa uwa? Yaushe kika daina? Ni kuma da nake nan mece ce, mai aiko da takalma? Ba ni da inda zan kai kukana sai wurinki. Haka ya ce, ke kuma kika ce to, har kika zauna kika rubuto mini don in sani. Yaga ta farko a gefen dangi taki ce. Ƙyalle naki ne, a hannu. Ni da nake ta zagin ma'aikatan gidan waya a zuciyata, ashe ba su da laifi.

Ban taɓa musun abin da kika yi ba. Yana da shekara huɗu na ajiye miki shi, ubansa ya mutu ya bar mu da ɗaki ɗaya da akuya. Ke kika yi jinyar ƙyandarsa, ke kika raka shi makaranta. Amma ba yawon shan iska na zo ƙasar nan ba, kin fi kowa sani. Duk watan Agusta in na zo, sai in ga yana kallon fuskarki kafin ya amsa mini magana. Na haɗiye. Na ce in ya girma zai gane. To ga shi ya girma, har zai zama lauya.

Kuma wace magana ce wadda ba ta takarda ba? Ɗana ya rame, idanunsa sun faɗa, ya durƙusa yana kuka, ni kuma a ce mini in yi addu'a kawai? Addu'ar me? In ya faɗi jarrabawa ne ki faɗa. In 'yan sanda ne ki faɗa. In kuma maganar ita ce ba ya son ganina a Agusta, wannan ma ki faɗa, na iya ji.

Hotunan ki riƙe. Naku ne.

Zulmira

*

Vale de Urze
26 ga Yuni, 1988

Zulmira,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan ce takarda ta biyu da na rubuto ban ji amsa ba. Ban sani ba ko ta farkon ta ɓata, ko kuwa kin samu kin ƙi buɗewa. Ko ba ki da lafiya ne? Ko layi ɗaya ne ki rubuto in san kina raye.

Abin da na faɗa a waccan shi zan maimaita. Kin karanta maganar ba yadda take ba. Yaron nan bai ce ke ba uwarsa ba ce. Ya sa na yi rantsuwa da kabarin mahaifiyarmu cewa ba daga bakina za ki ji ba, shi zai gaya miki da kansa in ya gama jarrabawa. Na yi wauta da na rubuta rabin magana, gara da na yi shiru gaba ɗaya. Ni ba gwanar rubutu ba ce, kin sani, abin da ya zo bakina shi hannuna yake sawa.

Ba 'yan sanda ba ne. Ba ciwo ba ne a jikinsa.

Kwanan nan ba na samun barci sosai, bayana kuma kamar zai tsinke, shi ya sa rubutun ya karkace. In kin ga ulu mai laushi a can, fari ko ruwan ɗorawa, ki aiko mini ko dunƙule uku ne. Na nan yana da kaushi.

Yayarki da ba ta taɓa neman ƙwace miki komai ba,
Idalina

*

Esch
11 ga Yuli, 1988

Idalina,

Ina lafiya. Takardunki biyu duk sun iso.

Jiya bayan an tashi daga coci ina tsaye a bakin ƙofa cikin mutane, sai ga Fausto ɗan Hermínia da sabuwar riga, ya buɗe hannuwa ya ce, “A'a, ga kaka sabuwa! Dona Zulmira, ba a yi mana ko ɗan biki ba?” Na ce wace kaka? Ya ce, “Haba, uwata ta rubuto mini tun tuni. Jaririyar da Dona Idalina ta ɗauko a Coimbra cikin kwandon kaza. An ce goshin Telmo ne sak.” Sai da ya ga fuskata ya gane. Ya fara in-ina, wai wataƙila bai karanta daidai ba. Matan Viseu duk suna tsaye suna ji. Na ce masa, “Eh, na sani mana, zolayarka nake yi.” Na yi murmushi. Ban san yadda na kai tashar bas ba.

Bas guda na mutanen ƙauye sun sani. Fada ya sani. Hermínia ta sani, wato har tumaki sun sani. Har Fausto magini a Luxembourg ya sani. Ni kaɗai ce aka ga ya dace a rufe.

Ulu fari ko ruwan ɗorawa! Na je har kanti na saya, ina cewa ko hular sanyi za ki saƙa wa kanki.

Rantsuwarki ta warware, don ba daga bakinki na ji ba. Yanzu ki zauna ki rubuto mini komai, kada ki rage ko kalma. 'Yar wa ce? Ina uwarta? Me take ci? Wa ya duba ta? Ya sunanta?

Zulmira

*

Vale de Urze
20 ga Yuli, 1988

Ƙanwata,

Na gode Allah da na ga rubutunki, ko da na faɗa ne. Muna lafiya, ni da ita.

Sunanta Aurora. An haife ta ƙarshen Janairu. 'Yar Telmo ce, ba ya musu, da sunansa aka yi mata rajista.

Ranar nan da ya kai ni gidansu, muna hawa bene na ji kukan jariri. Na ce, “Kyanwa kuke kiwo?” Ya buɗe ɗaki, sai ga wani ƙaton saurayi zaune da littafin likitanci a cinya, shi aka bari gadi bai je biki ba. A gabansa durowar kabad ce aka zaro aka ɗora kan kujeru biyu, an shimfiɗa tawul a ciki, yarinya tana kwance tana wutsil-wutsil da ƙafa. Tsummokinta a shanye kan igiya daga taga zuwa ƙofa. Samarin gidan ne suke karɓa-karɓa da ita tun watan Maris, wanda ba shi da aji shi ne mai reno. Sun iya haɗa madara, ban ce ba su iya ba, amma duk gindinta ya tashi, wuyanta ma haka.

Na ce, “Telmo, ina uwarta?”

Sunanta Marília, ɗaliba ce, 'yar tsibirin São Jorge. Ta haihu lafiya. Bayan 'yan makonni sai ta daina barci, ta daina cin abinci, in yarinya ta yi kuka sai ta toshe kunne ta shige bayan ƙofa. Wata safiya aka tsince ta a kan gada ba takalmi, ba ta san me ya kai ta ba. Tun ranar tana asibiti. Likitoci sun ce ciwo ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, ana warkewa, amma ba su ce yaushe ba. Iyayenta suna can tsakiyar teku, su ma sai kwanan nan suka ji.

Ya nuna mini tsakiyar alkyabbarsa ta baya, inda budurwa take yagawa. Kin san in an rabu ɗinke wurin ake yi. Ya ce abokai sun ce ya ɗinke ya huta, shi kuwa ko allura ba zai taɓa ba.

A nan ne ya durƙusa ya faɗi maganar da ta ƙona ki. Ba uwa yake nema wa kansa ba, Zulmira, wa yarinyar yake nema. Ya ce zuwa ƙarshen jarrabawa kawai. Na ce, “Ka gaya wa Mamanka?” Ya ce a'a. Na ce don me? Tunda kin ce kada in rage kalma, ga abin da ya ce: “In ta ji, kuɗi za ta aiko. Ni kuma in na ga ambulan ɗin nan ban san abin da zan yi ba.” Na ce masa bai yi miki adalci ba. Ya ce ya sani. Ya ƙara da cewa kin sha wahala don ya zama mutum, ba zai iya kallon idonki ya ce ga abin da ya yi da wahalar ba. Duka biyun ya faɗa, ban san wanne ya fi nauyi a ransa ba.

Na juye kaza da cuku a kan teburinsu, na shimfiɗa mayafina a kwandon. Shi ya ɗauko ta har bakin gada. A hanya muka ratsa ta cikin masu bikin, ana ta kiɗa ana watsa giya, shi da doguwar hularsa rungume da kwando yana kare shi da kafaɗa. Wasu 'yan ajinsu suka yi masa ihu, “Lauya, me ka samo mana, gasasshiya ce?” Bai ko waiwaya ba. Da ya miƙo mini ita a ƙofar bas, sai ya juya da sauri ya tafi, bai tsaya ganin tashinmu ba. Ban faɗa masa ba, amma tafiyar tasa irin taki ce sak, ranar da kika bar shi a tashar Guarda.

A bas ba wanda ya yi waƙa a dawowa. Hermínia ta leƙa kwando ta ce, “Idalina, wannan kazar taki tana numfashi.” Na ce 'yar wata baiwar Allah ce marar lafiya. Ta dubi goshin yarinyar ta dube ni, ta ce, “Allah ya ba baiwar Allah lafiya.” Amma ita ta riƙe mini ita rabin hanya, ban manta ba.

Yanzu ta yi ɓul-ɓul. Nas ta duba ta a Seia ta ce ba abin da yake damunta. Tana juyawa da kanta, tana dariya in ta ji ƙararrawar tumaki. Telmo yana zuwa ranar Lahadi in ya samu mota. Jarrabawa biyu ya faɗi, sai ya sake su a Oktoba. Ya ce ko zan ƙara riƙe ta zuwa lokacin, wataƙila ma zuwa ya samu aiki. Na ce ya bar ta duk tsawon da yake so. Gaskiya ba ta dame ni ba. Gidan ya yi daɗi.

Ki aiko da ulun.

Yayarki,
Idalina

*

Esch
2 ga Agusta, 1988

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Aurora. Ga ulu nan, da 'yan riguna, da man shafawa na jarirai. Ban sa kuɗi a ciki ba.

Ki yafe mini kalaman da na rubuta a Mayu. Na karanta abin da nake tsoro ne, ba abin da kika rubuta ba.

Bana ba zan zo ba, jikin Madam ya ƙara tsanani, ba ta gane kowa sai ni. Amma akwai abin da na yi, gara ki ji daga gare ni. Na rubuta wa Telmo. Ban yi masa faɗa ba, ban kuma roƙe shi komai don kaina ba. Na ce masa ya je ya ɗauko 'yarsa.

Na san za ki ji haushi. Amma layi ɗaya a takardarki ya hana ni sukuni: zuwa Oktoba, wataƙila zuwa ya samu aiki. Yaya, ni ma shekara biyu na ce miki. Kin tuna? Daga nan sai a gama ginin ɗaki, sai ya gama firamare, sai ya shiga jami'a. Ba wanda yake yanke shawarar barin ɗansa shekara ashirin. Wata uku-uku ake ƙarawa. Kuma ke kin iya reno ƙwarai, har mutum ya ga ba dalilin gaggawa.

Na ce masa ya nemi ɗaki kusa da asibitin, ya nemi matar da za ta riƙe ta da rana, ya yi karatunsa ko da zai ƙara shekara. Yarinyar nan ta kwana inda ubanta yake kwana, uwarta kuma ta riƙa ganinta ko ta taga ce. Na ce in yana so in bar aikin nan in zo in riƙe musu ita a Coimbra, kalma ɗaya ta isa. In ba ya so, ba zan matsa ba.

Bai amsa ba tukuna.

Ƙanwarki,
Zulmira

*

Vale de Urze
30 ga Oktoba, 1988

Zulmira,

Ina gaisuwa. Na ji rasuwar Madam Thill daga bakin Hermínia, Allah ya ji ƙanta. An ce kin samu wani gidan. Ni lafiyata ƙalau.

Na daɗe ban rubuto ba don ina fushi da ke, kuma ban gama ba.

Takardarki ta same shi. Lahadin da ta biyo baya ya zo nan kamar zai fasa ƙofa, yana cewa, “Ita ce za ta koya mini riƙon ɗa? Ita?” Na ce ya rage murya yarinya tana barci. Ya zauna bakin gadon yana kallonta har rana ta juya, ko abinci bai taɓa ba. Da zai tafi ya tambaye ni, “Inna, da gaske shekara biyu ta ce?” Na ce da gaske. Bai sake zuwa ba sai bayan mako uku, na ɗauka ma shi ke nan.

An sallami Marília a Satumba. Ranar Lahadin da ta wuce suka zo tare. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta kasa shigowa. Aurora tana cinyata, ta ga baƙuwa ta ƙanƙame mini wuya. Marília ta ce, “Ba ta san ni ba.” Na ce, “Zauna nan kusa da ni, kada ki kalle ta, ki yi kamar wake kike tsincewa.” Muka zauna muna tsince wake mu biyu. Can sai yarinya ta miƙa hannu ta kama mata gashi ta ja. Marília ta yi ƙara, sannan ta fashe da kuka, ita kuma Aurora tana ta dariya.

Sun samu ɗaki a ƙasan gari, wurin wata gwauruwa da za ta riƙe ta da rana. Ya ci jarrabawa ɗaya, ɗayar sai baɗi. Da yamma suka tafi da ita a motar wani abokinsa. Ni na haɗa kayan, ni na gaya musu ba ta son madara da zafi, kuma sai an shafa mata baya take barci. Ta yi kuka da motar ta tashi. Ina jin ta har suka sha kwanar coci.

Kin yi daidai. Na san kin yi daidai, Fada ma ya ce haka, ba sai kin sake bayyana mini ba. Amma ke da ɗanki kun iya kawo wa mutum yaro ku ce ya so shi, ba ku taɓa tambayar yadda zai yi in an zo ɗauka ba. Jiya na tashi na ɗora ruwan madara a wuta, sai da ya tafasa na tuna.

Game da zuwanki Coimbra ki zauna da su, ya ce a'a, su za su yi abinsu. Amma ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa. In za ki zo Kirsimeti, ki sauka a Coimbra tukuna kafin ki wuto nan, zai jira ki a tasha da yarinyar. Bai ce ki kwana ba, ni ma ban tambaya ba.

In kin gama da su ki hau motar Seia ki taho. Kada ki tsaya sayo mini tsaraba. Ki zo kawai, ki daɗe. Gidan nan ya yi mini girma.

Yayarki,
Idalina